Dokar Hana Yara Shiga Dandalin Salula: Wa Zai Ƙirga Shekarun Ɗan Maraɗi?

Ranar 10 ga watan Disamba 2025 wata doka ta fara aiki a ƙasar Ostareliya, wadda ta ce duk yaron da bai cika shekara 16 ba, ba shi da ikon mallakar shafi a Facebook, Instagram, TikTok, Snapchat, X ko YouTube. Majalisar ƙasar ta amince da ita a ƙarshen watan Nuwamba 2024, aka kuma ba kamfanoni shekara guda su kintsa. Ba yaro ake hukuntawa ba, ba kuma mahaifinsa ba. Kamfanin da ya yi sakaci shi zai biya tara, har dala miliyan 49.5, dalar Ostareliya fa, ba dalar kasuwar Maraɗi mai tamma biyar ba, wato wajen miliyar 18 na sefa. A watan Janairu 2026 hukumomin ƙasar suka sanar da cewa an rufe shafuka kimanin miliyan 4.7. Abin da ya fi ɗaukar hankali a dokar shi ne ba ta bar ma iyaye ko ƙaramar ƙofa ba: ko uba ya yarda, ko uwa ta sa hannu, yaro ba zai shiga ba.

Labari irin wannan ba ya rasa masu yi masa tafi a garin nan. Duk wanda ya saba zama majalisar alhazai bayan sallar isha'i a Zariya ko Sabon Gari, ko ya saba jin hirar ma'aikata a ƙofar ofis, ya san kukan da ake yi da salula. Yaro ya kwana ido biyu, ya wayi gari yana gyangyaɗi a aji. Yarinyar da ba ta iya haɗa ido da baƙon mahaifinta, sai ga ta tana rawa a gaban mutanen da ba ta san adadinsu ba. Hoton da aka ɗauka cikin wasa ya fita da hantsi, kafin la'asar ya zaga Bagalam da Mokoyo, ya wuce Tsibiri. Kukan nan ba na banza ba ne, kuma ba dattawan Maraɗi kaɗai ke yin sa ba. A shekara ta 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin da kansa ya san Instagram na cutar da wasu ƴan mata a tunaninsu. An gina waɗannan dandali ne don su riƙe ido, domin da tsawon kallon da aka yi ake sayar da talla, kuma idon yaro ya fi na babba saurin kamuwa.

To amma kafin a ce ma gwamnatin Yamai ta ɗauko dokar Ostareliya ta dasa a nan, akwai tambayar da ya kamata a fara amsawa, kuma ba ta malamai ko masana ba ce, ta maigari ce da ungozoma: wa ya san shekarun yaron?

A Ostareliya kusan duk jariri yana da takarda tun yana zanen goyo. A Nijar, babban binciken lafiya da yawan jama'a na shekara ta 2012 ya samu cewa kashi 64 cikin ɗari ne kawai na yara ƴan ƙasa da shekara 5 aka yi ma rajistar haihuwa, waɗanda kuma suka riƙe takardar a hannu ba su kai haka ba. Yaran da aka ƙirga a wancan bincike su ne samari da ƴan matan yau, wato su ne ainihin waɗanda irin wannan doka za ta shafa. Ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan shafi ba sa bukatar bayani, domin da yawa cikinsu takardunsu na ɗauke da kalmomin nan biyu na Faransanci, "né vers", an haife shi wajejen shekara kaza. Kowa kuma ya san yadda ake samo takardar alƙali mai maye gurbin ta haihuwa idan jarrabawa ta matso, da yadda ake rage ma yaro shekara ɗaya ko biyu don kada a ce ya girme ma aji. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, dokar da ta rataya gaba ɗaya a kan bambancin 15 da 16 ta rataya ne a igiyar da ba a riga aka tufka ba.

Ko da an san shekarun, saura a san mai wayar. Tun da aka wajabta rajistar layukan salula, har aka yanke wajen kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar nan a watan Nuwamba 2013 saboda rashin rajista, layi yana fita ne da sunan wanda ya kawo katin shaida, wato babba. A littafin Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, yaron da ke kallon TikTok da ƙarfe biyu na dare magidanci ne ɗan shekara hamsin. A gidaje da yawa ma babbar waya guda ce, tana yini a aljihun maigida, ta yi magariba a ɗakin uwargida, ta kwana hannun ɗan fari. Babu na'urar da za ta iya faɗin yatsan wa ke bisa gilashin.

A nan ne kuma ake mantawa da cewa yaron nan ba wasa kaɗai yake yi da wayar ba. A duba fadamar Jiratawa, inda gonakin noman rani suke ciyar da kasuwannin Maraɗi da zogale, tumatir da albasa. Manomi da yawa a can bai yi lakwal ba. Yana iya aika saƙon murya, amma idan aka zo ga karanta lamba, tura hoton kaya ga dillali, ko duba saƙon kuɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Agadas ko Libiya, ɗansa ɗan shekara 14 ne sakatarensa. Haka abin yake a babbar kasuwa ranar Litinin da Juma'a: alhaji na da jari da sanin mutane, amma yaron shago ne ke ɗora hoton shadda da takalma a shafi, shi ke amsa ma mai saye daga Damagaram. Matan da ke cikin kulle, masu turaren wuta da kayan ɗaki da ƙuli-ƙuli, da can sai sun ɗora ma ƴa faranti ta yi yawon tasha da gareji. Yanzu wasunsu na tallar ta wayar ƴar tasu, ƴar kuwa tana zaune a tsakar gida. Duk wanda ya san abin da ƴan talla ke gamuwa da shi a tasha ba zai yi saurin cewa wayar ce ta fi haɗari ba. Dokar da ta ce kowane yaro ɗaya ne, ba ta bambanta mai rawa da mai riƙe ma gida ciniki ba. Uba kuwa yana bambantawa, domin ya san ɗansa.

Sai kuma wani abin da masu tafin ba su lura da shi ba. Dokar Ostareliya ba ta taɓa WhatsApp ba, don an ɗauke shi a matsayin hanyar aika saƙo. Alhali a Maraɗi, abin kunyar da ke raba aure da fitar da yarinya daga makaranta ta WhatsApp ya fi yawo, ko ta turi daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba, ko a ƙaramin katin da masu tura finafinai da waƙoƙi ke cikawa a bakin titi da ƴan daloli. Za a rufe babbar ƙofa da kwaɗo, a bar katangar baya a rushe. Ga kuma iyaka: daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa bai kai tafiyar awa guda a mota ba, daga can kuwa sai Jibiya. A watan Satumba 2021, lokacin da hukumomin Najeriya suka katse salula a jihar Zamfara da wasu yankunan Katsina da Sakkwato saboda ƴan bindiga, mutanen bakin iyaka sun koma neman layin Nijar. Abin da ya bi ta can zai iya biyowa ta nan, kuma iskar waya ba ta tsayawa a duwan.

Ƙasar Koriya ta Kudu, wadda ta fi ƙasar nan takardu da na'urori nesa ba kusa ba, ta gwada. A 2011 ta hana ƴan ƙasa da shekara 16 wasannin intanet daga sha biyun dare zuwa shidan safe. Yara suka koma shiga da lambar shaidar iyayensu. Bayan shekara goma, a 2021, aka soke dokar, aka bar tsarin da iyaye da kansu ke zaɓa ma yaro awoyinsa. Ƙasar Sin ce ta fi riƙe tata da ƙarfi, inda tun watan Agusta 2021 aka ƙayyade ma ƴan ƙasa da 18 awa uku na wasan intanet a mako, amma ta iya hakan ne domin a can ba a shiga sai da sunan gaskiya da lambar ɗan ƙasa, hukuma kuma ta san wa ke bayan kowane shafi.

Wannan shi ne tsakiyar maganar, kuma shi ya fi shafar mai karatu kai tsaye, ko yana da ɗa ko ba shi da shi. Babu yadda za a yi a tace yaro ba tare da an tace babba ba. Idan aka sa mai gadi a ƙofa aka ce kada ya bar ɗan ƙasa da 16 ya wuce, to kowa sai ya tsaya ya nuna shekarunsa, har da mai furfura. Hanyoyin kuwa sanannu ne: ko a ɗauki hoton katin shaida a aika, ko a miƙa fuska na'ura ta kimanta shekaru, ko a nuna katin banki. A Ingila, da aka fara tilasta irin wannan tantancewa a wasu shafuka a watan Yuli 2025, sai jama'a suka yi rububin VPN, wato manhajar da ke sa a ga kamar mutum a wata ƙasa yake. A watan Oktoba na shekarar kuma kamfanin Discord ya sanar da cewa ɓarayin intanet sun kai ga hotunan katin shaida na mutane kimanin 70,000, ta hannun wani kamfani da ke yi masa aiki. Mutanen nan ba laifin da suka yi, an ce su nuna shekarunsu ne suka nuna.

A kawo abin gida. Ɗan kasuwar Maraɗi yana riƙe da sirrin da ya fi kuɗi: wa ke bin sa bashi, wa ke ba shi kaya a Kano ko Dubai, nawa ya saya. Ma'aikaci na da ra'ayinsa a kan albashi da yajin aiki da shugaban ofishinsa. Ranar da aka ɗaure kowane shafi da katin shaida da hoton fuska da sunan kare yara, an samar da littafin da ke cewa wane ne ya faɗi kaza, ranar kaza. Tarihin ƴan shekarun nan ya isa ya sa a yi hattara. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019 an kawo ta ne da maganar ƴan damfara da masu lalata, amma a watan Yuni 2020 da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabou saboda rubutu a Facebook. A 2020 ɗin majalisa ta amince da dokar sauraren wayoyin jama'a. A watan Fabrairu 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na salula wajen kwana goma, ciniki ya tsaya tare da siyasa. A 2022 aka cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna ta intanet, a watan Yuni 2024 aka maido da shi. A farkon 2025 an ji ministan sadarwa na lokacin yana maganar neman lasisi ga zaurukan WhatsApp da Facebook masu mutum 50 ko fiye. A Kano ma, inda aka daɗe ana kukan fitsarar TikTok, ɗaya daga cikin hukuncin da ya fi yin amo shi ne na watan Nuwamba 2022, sa'ad da kotu ta yanke ma wasu samari biyu bulala 20 kowanne, ba don sun lalata ɗan kowa ba, sai don sun yi ma gwamna ba'a.

Ba a faɗi wannan don zargin wata gwamnati ita kaɗai ba, domin a jerin nan akwai aikin farar hula akwai na soja. Daga Taron Ƙasa na 1991 zuwa yau an yi juyin mulki huɗu, a 1996, 1999, 2010 da 2023. Masu mulki na wucewa, amma littafin rajista yana nan a cikin kwamfuta yana jiran mai zuwa, kuma wanda ya yarda da mai riƙe da mabuɗi yau bai san hannun da zai karɓa gobe ba. Gaskiya ne akwai hukumar kare bayanan sirri na jama'a, HAPDP, wadda dokar watan Mayu 2017 ta kafa. Sai dai hukumar da ke zaune a Yamai ba ta da sandar da za ta kai ga rumbun ajiya na kamfanin da ke Amurka ko Singafo, kuma a can ne hoton katin zai kwana.

Saura maganar haƙƙin iyaye, wadda ta fi wuyar sha'ani. Ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa dandali ba. Kafin lantarki, ƴan mata da samari na fita wasan dare a farin wata, ana kiɗa, ana zance, iyaye kuma ba su ce a rushe dandali ba. Akwai sarkin samari, akwai manyan mata masu sa ido, akwai lokacin da ake watsewa, kuma kowane gida shi ke yanke ranar da ƴarsa ta isa fita da ranar da za ta daina. Da gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauki samariya ta mayar da ita hannun hukuma, an samu ayyukan gayya da wasanni, amma tarbiyya ba ta tashi daga gida ta koma ofishin sufurefe ba. Addini ma uba ya ɗora ma kiwon iyalinsa, shi za a tambaya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ce nauyin farko na renon yaro a kan iyaye yake, hukuma mai taimako ce. Yarjejeniyar Afirka ta 1990 ta fi fitowa fili: a sashenta na 10 ta kare sirrin yaro da wasiƙunsa, sa'annan ta bar ma iyaye ikon sa ido daidai gwargwado.

Wasu ƙasashe sun bi ta wannan hanya. Faransa, a dokarta ta 7 ga Yuli 2023, ta ce ɗan ƙasa da shekara 15 sai da yardar iyaye, ko da yake dokar ta zauna a takarda saboda karo da dokokin Tarayyar Turai. Jihar Utah ta Amurka ta wuce nan a 2023: yardar iyaye ga duk ɗan ƙasa da 18, rufe shafi daga ƙarfe 10:30 na dare zuwa 6:30 na safe, da ikon uba ya shiga shafin ɗansa. Kamfanoni suka kai ƙara, aka sake rubuta dokar a 2024, a watan Satumba na shekarar kuma wani alƙalin tarayya ya dakatar da sabuwar. Ko yardar iyayen ma, a lura, ba ta kuɓuta daga matsalar takarda ba, domin sai uba ya tabbatar ma kamfani cewa shi uba ne.

"Daidai gwargwado" ɗin nan kuwa ba ado ba ne. Uban da ya ce waya ba ta kwana a ɗakin yara, ko ya ce sai ya san da wa ake magana, yana cikin haƙƙinsa. Wanda ya mayar da kansa ɗan leƙen asiri, yana karanta saƙon ɗan shekara 17 a ɓoye yana tara masa laifi, zai koya ma yaron abu guda ne, wato sayen waya ta biyu da ajiye ta gidan aboki. Malamai sun san abin da Suratul Hujurat ta faɗa game da bin diddigin sirrin mutane, kuma ba a ce ɗan da mutum ya haifa ba mutum ba ne.

Akwai kuma inda haƙƙin iyaye da kansa yake zama abin tsoro, kuma Maraɗi ba ta da damar kauda kai daga wannan. Binciken nan na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya kai kashi 89, babu jihar da ta kai ta. Kundin dokar farar hula da aka gada daga Faransa ya sa shekarun auren mace a 15, na namiji a 18, yawancin aure ma bisa al'ada ake ɗaura shi ba tare da an leƙa kundin ba. A ce an kafa dokar 16 a kan wannan: yarinya ƴar shekara 15 ta yi ƙanƙanta ta buɗe shafi, amma ta isa ta shiga ɗakin haihuwa. Za ta yi goyo, mijinta ya saya mata waya a kayan lefe, doka ta ce ita yarinya ce. Majalisar da ta iya rubuta wannan ba tare da ta taɓa wancan ba, ba kare yara ta sa gaba ba.

Abin da ke faruwa idan hoto ya fita shi ne ma'aunin gaskiya. Sau da yawa wanda ya ɗauka, ko ya yaudare ta ta aiko, ko ya watsa don ta ƙi shi, namiji ne, wani lokaci ma magidanci. Shi zai ci gaba da zama a fadarsu yana shan shayi. Ita za a cire daga aji, a nemi wanda zai rufa asiri, a ɗaura aure kafin azumi, duk da cewa tun watan Disamba 2017 akwai dokar gwamnati da ta ce a kare karatun ƴa mace. Garin nan ya taɓa ganin inda fushin kare tarbiyya ke sauka. A watan Nuwamba 2000, da aka yi zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, bikin a yankin Yamai aka shirya shi, amma a Maraɗi wuta ta ci mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren ibadar Kirista. Masu shirya bikin ba abin da ya same su. Dokar hana yara ma haka za ta sauka: ɗan mai hali zai sa VPN a wayar da aka sayo masa daga Dubai, ƴar talaka ce za a kama da waya a hijabi.

Ba a ce hukuma ta naɗe hannu ba. Aikinta na nan, kuma ya fi rubuta sabuwar doka wuya. Dokar 2019 ɗin nan da ake saurin ɗaukowa idan an taɓa babban mutum, ta tanadi hukunci a kan hotunan batsa na yara. Akwai ƴan sanda masu kula da ƙananan yara, akwai alƙalin yara. Ranar da uba daga Tsibiri ya san zai iya kai ƙara a saurare shi a asirce, ba tare da sunan ƴarsa ya zama hirar gari ba, aka kuma ga an ɗaure mai watsa hoton, ranar ne samari za su fara tunani kafin su danna. A cikin katangar makaranta kuwa hukuma na da cikakken iko, ba ta bukatar katin kowa: Faransa ta hana salula a firamare da kwaleji tun 2018, kuma darektan kwaleji a Ali Ɗan Sofo ko Jiratawa zai iya yin haka da goyon bayan ƙungiyar iyayen yara, da akwati guda a ƙofar aji.

Kamfanonin da kansu, saboda matsin da suka sha a Turai da Amurka, sun sa wasu linzamai a cikin manhajojinsu. TikTok na da tsarin haɗa wayar uba da ta ɗa tun 2020, a 2023 kuma ya sa iyakar minti 60 a rana ga ƴan ƙasa da 18, wadda ake iya ɗagawa. Instagram ya fito da shafin matasa mai takunkumi a watan Satumba 2024. Linzaman nan ba su da ƙarfi sosai, kuma yaron da ya yi ƙaryar shekarunsa ya wuce su, amma babbar illarsu a nan ita ce iyaye ba su san da su ba, bayaninsu kuma da Faransanci ko Ingilishi yake. Gidajen rediyo irin su Anfani da ƙananan rediyon karkara na iya bayyana su da Hausa cikin rabin awa. Kamfanonin waya da ke cin ribar kowane mega da yaro ya ƙona, hukumar ARCEP na iya ɗora masu kuɗin wannan wayar da kai, da samar da layin yara wanda uba zai zaɓa da kansa, mai yankewa da dare. Uba ne zai je ya nema, kamfani kuma ba ya bukatar fuskar kowa.

Fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tsibiri sun daɗe suna sa baki a maganar rigakafi da sa yara makaranta, kuma maganarsu na isa inda takardar minista ba ta isa. Abin da ya fi kusa da hannunsu a wannan batu shi ne wanda aka fara da shi. Dokar rajistar jama'a ta 1 ga Yuli 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa, a gidan likita ko wurin da aka keɓe a gari, kafin abin ya zama sai an je gaban alƙali. Jaririn da aka raɗa ma suna a Jiratawa cikin wannan mako, idan aka rubuta shi kafin wa'adin ya cika, takardar za ta yi masa amfani ranar shiga lakwal da ranar jarrabawa, idan mace ce kuma har ranar da aka zo neman aurenta.